Riga Mai Lamba Biyar

Larzana, 6 ga Fabrairu, 2023

Zuwa ga Padrino Lino, ubana na baftisma,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da fatan sanyin bakin teku bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Mama tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko kana shan maganin safe, ta kuma ce kada in yarda da amsar da za ka ba ni.

Na san tun da aka yi maka aikin maƙogwaro ka daina ɗaga waya, shi ya sa na rubuto. Yau sati uku ke nan da na kama aiki a ofishin Unión Larzana. Na wata shida suka ɗauke ni, kuma ban manta ba kai ka yi wa shugaban kulob, Don Evaristo, maganata. Ɗakin da aka ba ni yana ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ta gabas, cike da akwatunan takardu da ba wanda ya buɗe tun kafin a haife ni. Digirin tarihin da na yi a Oviedo bai koya mini yadda ake raba takardun da danshi ya manne ba. Da wuƙar shafa man shanu nake yi.

Aikina shi ne allon tagullar da za a kafa ranar Lahadi 16 ga Afrilu, ranar da za a sa wa ƙofa ta huɗu ta filin wasa sunanka, da ɗan littafin da za a raba. Don Evaristo ya ba ni abin da yake so a zana: "Aquilino Fanjul, ɗan wasan baya kuma kyaftin. Shekara goma sha huɗu, kulob ɗaya. Ba a taɓa korarsa daga fili ba, ba a taɓa dakatar da shi ba." Ya ce, "Wasanninsa kawai za ki ƙirga mini, 'yar boko. Kada ki ƙirgo mini har ciyawar fili."

Na ƙirga sau uku. Daga Satumbar 1970 zuwa Mayun 1984 ka buga wasa 387, ka ci ƙwallo shida, biyar da ka. Da na faɗi haka a shagon Nieves, inda tsofaffi suke shan giyar tuffa, Tino tsohon ɗan gidan waya ya buga tebur ya ce, "Ɗari huɗu ne, yarinya. Da idona na gani." Nieves ta ce, "Da wane idon? Kai da kake barci tun kafin hutun rabin lokaci?" Su suna haɗawa da wasannin sada zumunta, ni ban haɗa ba.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya mini. Wasan Almedral ne, na 8 ga Maris, 1981, shekarar da kuka hau rukuni na ɗaya. Kamar yadda ka fi ni sani, a zamaninku ba suna a bayan riga, lamba ce kawai, kuma da lamba alƙalin wasa yake rubuta rahotonsa. Rahoton ya ce bayan busa ta ƙarshe, mai ɗaga tuta ya ga lamba biyar na Larzana ya naushi ɗan wasan gaban Almedral, Barragán, ya karya masa muƙamuƙi. A jerin sunaye, lamba huɗu kai ne, kyaftin. Lamba biyar wani ne Baldomero Sariego, ɗan shekara ashirin. Aka dakatar da shi wasa goma sha huɗu, kuma daga nan ban sake ganin sunansa a ko'ina ba.

To a akwati na tara na sami hoton da wata jaridar can kudu ta buga, an ɗauka ta baya lokacin bugun kwana. Mai lamba biyar yana da ƙyallen kyaftin a damtsensa na hagu.

Wataƙila ni ce ban fahimta ba. Ka yi haƙuri da ɗawainiya, ba na son a zana abu a tagulla alhali ina da shakka.

Taka, wadda ka riƙe ranar baftisma,
Covadonga

*

Luanco, 11 ga Fabrairu

Cova 'yata,

Na ga takardarki, na gode. Gwiwa tana nan, ita ke faɗa mini za a yi ruwa tun kafin talabijin. Ki ce wa mamarki ina shan maganin ranar da na tuna.

Ƙwallo bakwai na ci, ba shida ba. Ta wasan Logroño tawa ce, na taɓa ta da gashin kaina, aka rubuta wa wani. Amma bar shi a shida, na yafe.

Maganar hoto kuwa, 'yan jaridar wancan lokaci in suka rasa hoto sai su ɗauko na bara su liƙa. Wa zai gane? Shekara arba'in da biyu ne, ni ko abin da na ci jiya ba na tunawa. Kada ki ɓata idanunki a wannan rami. Ki rubuta abin da Evaristo ya ce, ki karɓi takardar yabo, ki nemi aikin da yake da taga.

Babanki, Allah ya ji ƙansa, haka yake. In ya ga ƙusa ɗaya a karkace sai ya ɓalle katakon gaba ɗaya.

Ki zo ranar Lahadi in dafa miki wake.

Padrinonki,
Lino

*

Larzana, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga Padrino,

Ina gaishe ka da kyau. Ka yafe mini rashin zuwa ranar Lahadi. Na shirya, har na sayi burodi, sai na ga ba zan iya zama in ci wakenka ina kallon fuskarka da wannan abu a raina ba.

Na bi maganarka, na duba ko hoton na wata shekara ne. Sau uku ka buga a filin Almedral: 1977, 1979 da 1981. A biyun farko da rigarmu shuɗiya kuka buga. A 1981 kaɗai kuka sa fara mai dogon hannu, kuma ita ce a hoton. Bayan haka, ba ka zama kyaftin ba sai a Agustan 1979, wasan 1979 kuwa a Janairu aka yi. Na kuma rubuta wa ɗakin karatun garin, wata mata ta turo mini shafin gaba ɗaya. Kwanan watan yana sama, Litinin 9 ga Maris.

Akwai kuma bandeji a gwiwar hagun mai lamba biyar. Na san wannan gwiwa, Padrino. A kanta na koyi ƙirga.

Ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Na yi ta neman hanyar da zai zama kuskurena ne, har na duba ko an juya hoton wajen bugawa, amma rubutun tallan da ke bayan raga yana karantuwa daidai.

Abu ɗaya na yi da ya kamata ka sani daga bakina. Na sami ƙanwar Señor Sariego a Avilés, ta ba ni adireshinsa a Castellón. Na rubuta masa ranar Juma'a. Ban ce masa komai game da kai ba, na tambaye shi ne kawai wace lamba ya sa a ranar. A makaranta an koya mana ba a rufe magana sai an ji ta bakin wanda abin ya shafa, in yana raye. Yana raye.

In ka yi fushi da ni, ina ganin kana da hujja.

Taka,
Cova

*

Castellón, 1 ga Maris

Señorita Covadonga,

Gaisuwa. Takardarki ta kwana huɗu a kan firij kafin matata Amparo ta ce ko in amsa ko ta amsa da kanta, kuma rubutunta ya fi nawa zafi.

Lamba huɗu na sa.

Ke ce mutum na farko da ya tambaya, don haka zan ba ki duka, ki yi yadda kika ga dama da shi. Ranar ce aka fara sa ni tun daga farkon wasa, saboda mai wurin ya ji rauni. Ina bayi ina amai, Lino ya buga ƙofa ya ce, "Kai ɗan Sariego, in ka gama haihuwar ka fito." Na fito. Ya cire rigarsa ya jefo mini a fuska, ya ce, "Sa wannan. Barragán yana tsoron lamba huɗu tun bara. Kafin ya lura da wannan fuskar taka ta ɗan maraƙi an tafi hutu." Kowa ya yi dariya, har ni. Ya ɗauki tawa ya sa. An riga an miƙa wa alƙali jerin sunaye, ba wanda ya tuna a gyara. Ki rubuta wannan ma: alheri ya yi mini. Ban taɓa jin ƙarfi irin na ranar ba.

Barragán ya yini yana taka mini agara. Da aka busa tashi ya zo ya tofa mini yawu a fuska. Ina goge ido na ji ƙara kamar an karya busasshen reshe. Da na buɗe yana ƙasa, mutane sun yi cincirindo, Lino yana tafiya yana yarfa hannu.

Ranar Talata aka kira ni ofis. Shugaban kulob na lokacin yana nan, da koci, da Lino a tsaye bakin taga. Biyun farko sun mutu, ba zan kira sunansu ba. Shugaba ya ce, "Mero, saura wasa goma sha ɗaya, muna na biyu. In muka rasa kyaftin mun rasa hawa. Garin nan bai taɓa ganin rukuni na ɗaya ba. Kai yaro ne, lokaci yana gabanka. Takarda ta riga ta ce biyar, mu dai shiru kawai za mu yi." Na dubi Lino. Yana kallon waje. Da ya juyo ya ce mini a'a, ko ya ce mini e, da na bi. Bai juyo ba. Na ce to. Ba wanda ya murɗe mini hannu, kada ki rubuta an tilasta ni.

Suka hau. Na sha giya a dandali tare da kowa. A watan Yuli aka sallame ni, wai rukuni na ɗaya ba ya son mai fasa baki. Na je gwaji kulob huɗu, ko'ina sai in ji ana cewa, "Ai shi ne Mahaucin Larzana." Ina da shekara ashirin da biyu na shiga masana'antar tayil, na yi shekara talatin da takwas a bakin tanda.

Ƙwallon ba ta dame ni sosai ba, wataƙila dama ba zan yi nisa ba. Babana ne. Shekara talatin ya yi a ramin kwal. Ya karanta jarida ya ce, "Mu a ƙarƙashin ƙasa ba ma dukan wanda bai shirya ba." Bai ƙara zuwa fili ba, bai ƙara yi mini maganar ƙwallo ba. Na yi alkawari a ofis ba zan faɗa ba, ni kuma sakarai na riƙe alkawarin. Ya rasu 1990.

Na ji za a sa wa ƙofa sunansa. Ya cancanta, ɗan baya ne na gaske, ban ga kamarsa wajen buga ƙwallo da ka ba. Ba na neman komai. 'Ya'yana mata biyu sun san babansu ya taɓa fasa wa wani baki yana saurayi, sun saba da hakan.

Ki gaida ruwan saman yankinmu, Asturias.

Baldomero Sariego

*

Larzana, 9 ga Maris

Zuwa ga Padrino,

Bayan gaisuwa, yau kwana goma sha bakwai ban ji daga gare ka ba. Mama ta ce ta hango ka a kasuwar kifi, don haka na san kana tsaye da ƙafarka.

Ga kwafin takardar Señor Sariego na haɗo maka. Na nemi izininsa ta hannun matarsa, ya ce bai damu ba. Ban cire ko kalma ɗaya ba.

Jiya na kai wa Don Evaristo hoton, domin masu zana tagulla suna jiran rubutu zuwa 24 ga wata. Ya daɗe yana kallo, ya ture shi gefe.

Ya ce, "Karanta mini abin da na ba ki."

Na karanta.

"An taɓa korarsa daga fili?"

Na ce a'a.

"An taɓa dakatar da shi?"

Na ce a'a.

"To ina ƙaryar? Ke ce mai son takarda. Kawo mini takardar da ta ce an dakatar da Lino Fanjul, in cinye hulata a tsakiyar fili."

Gaskiyarsa ce, Padrino. Kowace kalma a allon daidai take. Na yi shekara huɗu ina koyon kada in rubuta abin da ba haka yake ba, ba wanda ya ce mini za a iya jera kalmomi na gaskiya su ba da ƙarya.

Ya sassauta murya ya ce, "'Yata, an rufe ramukan kwal, an rufe layin dogo, muna rukuni na huɗu, rufin rumfa yana yoyo. Garin nan mutum ɗaya ya rage masa da yake nuna wa jikoki. Shi za ki ƙwace musu? Mutumin da ya ɗauki makarar babanki?" Ya kuma tuna mini cewa shi zai sa hannu in za a ƙara mini wa'adi a watan Yuli.

Na ce a ba ni lokaci.

Ga inda na tsaya. Ba zan kai labarin jarida ba, ba nawa ba ne. Amma ba zan iya aika wa masu tagulla wancan layi da hannuna ba, ba kuma zan iya sa sunana a littafin da ya bar Señor Sariego da naushin da bai yi ba. In Don Evaristo ya sa wani ya aika, ba ni da ikon hanawa. Ina tsoron rasa aikin, ina tsoron Mama ta ji, amma abin da na fi tsoro shi ne kada wannan ta zama takarda ta ƙarshe tsakaninmu.

Taka har yanzu,
Cova

*

Luanco, 16 ga Maris

Cova,

Na karanta ta Mero sau da yawa. Duk abin da ya faɗa haka aka yi. Abu ɗaya ya manta, ruwa ake yi ranar Talatar, abin da nake kallo ta taga ke nan. Motar kwal ce take juyawa a bakin fili, na bi ta da ido har ta ɓace, ina jira ya gama cewa to.

Na yi miki ƙarya a takardata ta farko. Ina tuna komai. Har yau in na dunƙule hannun dama ɗan yatsan tsakiya ba ya rufuwa.

Ga abin da na riƙa faɗa wa kaina shekara arba'in da biyu: ai saboda shi na yi. An tofa wa yarona yawu, na rama masa. Tunda saboda shi ne, ba laifi ya ɗauki rabin kayan. Da wannan na kwanta, da shi na tashi. Kwana biyun nan na gane ba rabi ya ɗauka ba, duka ya ɗauka. Kuma ba don gari na yi shiru ba, kada Evaristo ya ruɗe ki. Shekarata talatin a lokacin, gwiwa ta fara lalacewa, na san in ban hau a wannan kaka ba ba zan taɓa taka manyan filaye ba. Na so in buga a Madrid da Bilbao. Na buga. Kaka biyu muka yi a sama, wasa sittin da ɗaya, ke kin fi ni sanin adadin. Ranar da muka fara fita a Bilbao na ɗaga kai na ga jama'a har sama, na ji daɗi, ban tuna da shi ba ko sau ɗaya. Wannan ne abin da ya fi mini nauyi. Da a ce na sha wahala da sai in ce na biya.

Mutane suna cewa na ƙi barin Larzana saboda amana, har da wani babban kulob ya neme ni a 1982. Gaskiyar ita ce a can kaɗai nake da tabbacin waɗanda suka sani ba za su yi magana ba.

A 1994 mun je hutu bakin tekun gabas da matata marigayiya Charo. Na ce mata zan je duba mota, na tuƙa har ƙofar masana'antar su Mero. Na ga ya fito da ƙura fari fat a gashinsa, yana dariya da wani. Na tayar da mota na tafi.

Maganar babansa ban sani ba sai yanzu. Na san tsohon, yakan tsaya bayan raga da lema baƙa.

Kada ki aika layin. Kada kuma ki ajiye aikinki saboda ni, ki bar su su kore ki in za su iya. Ranar Litinin zan zo da motar ƙarfe goma, ki jira ni a ƙofar ofis. Likita ya cire mini murya, amma ya bar mini allo da alli. Zan rubuta, ke ki karanta wa Evaristo da ƙarfi, don idonsa ba ya gani in abu bai yi masa daɗi ba.

Ban yi fushi da ke ba. Na yi, kwana goma. Ya wuce.

Padrinonki,
Lino

*

Larzana, 4 ga Afrilu

Zuwa ga Señor Sariego,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da Doña Amparo. Na ga ya dace ka ji abin da ya faru daga wanda yake wurin, kafin ka ji a bakin wasu.

Ranar Litinin 20 ga Maris Señor Fanjul ya zo ofis. Wataƙila ba ka sani ba, shekara biyu ke nan da aka cire masa maƙogwaro, da allo yake magana. Ya rubuta, na karanta wa shugaban kulob: "Ni na naushi Barragán. Mero ya ɗauki hukuncina. A cire layin." Don Evaristo ya ce, "Haba Lino, mutane suna bukatar mutum ɗaya mai tsabta." Señor Fanjul ya goge allon da hannun riga ya rubuta, "Yana Castellón."

Daga nan muka je ofishin jaridar lardi. Sun buga takardarsa ranar Lahadi 2 ga Afrilu, shafi na 41, tare da hoton. Ga shafin na yanko maka. Sunanka ya fito sau biyar, kuma na tsaya sai da suka rubuta shi daidai. An aika kwafi ga iyalin Barragán, shi ya rasu 2016.

Kulob ya ɗage bikin ƙofar, ba a sa wata rana ba. A shagon Nieves, Tino ya sauke hoton Señor Fanjul daga bango ya kifa shi a kan kanta. Nieves ta ce, "Mai da shi inda ka gan shi, bangonka ne?" Har yanzu yana kife, ba wanda ya mayar, ba kuma wanda ya jefar. Wasu ba sa amsa gaisuwata. An sanar da ni aikina zai ƙare a ƙarshen Yuli. Ban faɗa don ka ji tausayina ba, don dai labarin ya cika ne.

Na tambayi hukumar da ke riƙe da tsofaffin hukunce-hukunce ko za a iya gyara naka. Sun ce abin ya daɗe, ba a buɗe shi. Na yi baƙin ciki da wannan. Abin da na iya shi ne na liƙa bayani a jikin rahoton alƙalin da ke akwatunanmu, da hoton da takardarka da ta Señor Fanjul, don duk wanda ya buɗe bayana ya gani.

Saura abu ɗaya. Señor Fanjul bai nemi adireshinka ba, ya ce ba shi da bakin nema. Amma na ga takardu uku da ya fara ya yayyaga a kwandon kicin ɗinsa, duka da sunanka a sama. Ba zan ba shi ba sai ka ce. In ka ce a'a, ko ka yi shiru, maganar ta ƙare a wurina, kuma ba zan ƙara damunka ba.

Da girmamawa,
Covadonga Tuñón

*

Castellón, 12 ga Afrilu

Señorita,

Na ga shafin. Babbar 'yata ta karanta mana a tebur, ta kasa ƙarasawa, ƙaramar ta karɓa.

Kada ki ba shi adireshi. Ba na son takarda.

Ranar Alhamis 20 ga wata zan je wurin ƙanwata. Motar da ke tashi daga Gijón zuwa Avilés tana tsayawa a Luanco wajen sha biyu saura. Zan zauna gefen taga. In yana tsaye a tashar, yana kallon motar, zan sauka. In ba ya nan zan wuce, ba kuma zan riƙe shi da wannan ba.

Ban ce na yafe ba. Ban san abin da zan ce masa ba, shi kuma ba shi da murya, don haka wataƙila mu yi daidai.

Ki faɗa masa ranar, amma ke kada ki zo. Kin yi naki.

Huta lafiya,
Mero